Maki 83 da Maki 83: Yadda Jami'ar Arewacin Arizona Ta Kare Kambunta a Stillwater

Ranar Asabar, 19 ga Nuwamban 2022, aka gudanar da gasar ƙasa ta tseren ratsa daji, wato gudun dogon zango a kan ciyawa da ƙasa, ta manyan jami'o'in Amurka a garin Stillwater da ke jihar Oklahoma. Da aka kammala tseren maza na kilomita 10 aka zauna lissafi, sai aka tarar ƙungiyoyi biyu sun yi kunnen doki a sama. Jami'ar Arewacin Arizona, wadda aka fi sani da NAU, ta tashi da maki 83, mai masaukin baƙi kuma, wato Jami'ar Jihar Oklahoma, ita ma ta tashi da maki 83. Ba a raba kofin gida biyu ba. An koma ga ƙa'idar raba gardama ta hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, ƙa'idar kuwa ta miƙa wa NAU kofinta na shida cikin shekara bakwai.

Wannan nazari ya shafi aikin mai horarwa ne, ba tseren kaɗai ba, domin sakamakon wannan rana ya fito da wani abu da ba kasafai ake ganinsa tsirara haka ba: a tseren ratsa daji na jami'a, taurarin ƙungiya sukan ba koci damar shiga takara, amma waɗanda ke yanke hukunci su ne mutum na uku da na huɗu da na biyar, waɗanda kyamarar talabijin ba ta bin su, kuma waɗanda ba a iya shirya su cikin kaka guda.

Kafin a je ga abin da ya faru, wajibi ne a fahimci yadda ake lissafin. A gasar ta wancan lokaci ƙungiyoyi 31 ne ke shiga, kowace da 'yan gudu bakwai, sannan a ƙara da mutum 38 da suka cancanta a ƙashin kansu ba tare da makarantunsu sun samu gurbi ba. Matsayin da mutum ya ƙare a kai shi ne makinsa, wanda ya zo na ɗaya maki ɗaya, na ashirin maki ashirin, sai a tara makin mutum biyar na farko na kowace ƙungiya, wadda ta fi ƙarancin maki ita ce ta yi nasara. Waɗanda suka shiga a ƙashin kansu ana cire su daga lissafin ƙungiyoyi, shi ya sa ɗan gudun da ya ƙare na 19 a fili zai iya zama na 18 a takarda. Na shida da na bakwai ba a tara makinsu, amma ba zaman banza suke yi ba, domin duk abokin hamayyar da suka sha gabansa sun ƙara wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Mafi kyawun abin da ƙungiya za ta iya samu shi ne maki 15. Jami'ar Texas da ke El Paso, ƙarƙashin koci Ted Banks da 'yan gudunsa waɗanda akasarinsu daga Gabashin Afirka suke, ta taɓa yin maki 17 a 1981, kuma har yau ba a sake kaiwa ga wannan ba.

Garin da ke bisa tudu

NAU tana garin Flagstaff ne, wanda ke kan tudu mai tsawon kimanin mita 2,100 daga doron teku, wato ya ɗara Jos da kusan mita 900. Makaranta ce ta gwamnatin jiha da ke fafatawa a rukunin Big Sky, rukunin da ba shi da kuɗin talabijin irin na manyan makarantun ƙwallon ƙafar Amurka, don haka ba ta da ƙarfin yin gogayya da su a gine-gine ko albashi. Abin da take da shi shi ne tudun da dajin itatuwan fayin da ke kewaye da garin, mai cike da hanyoyin ƙasa marasa kwalta waɗanda ɗan gudu zai yi kilomita ashirin a kansu ba tare da ƙafarsa ta taɓa siminti ba.

Amfanin tudu ga mai gudun dogon zango sananne ne. Kason oksijin a cikin iska bai canja ba, amma matsin iskar ya ragu, ta yadda kowane numfashi ke kai ƙasa da abin da yake kaiwa a bakin teku. Jiki yakan mayar da martani ta hanyar ƙoda, wadda ke ƙara fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya samar da jajayen ƙwayoyin jini, kuma bayan makonni jinin yakan iya ɗaukar oksijin fiye da da. Sai dai wannan riba tana zuwa da farashi, kuma a nan aikin koci yake farawa. A bisa tudu mutum ba ya iya yin atisaye da saurin da zai yi tsere a ƙasa, jiki yakan daɗe kafin ya warware daga gajiya, barci kan yi wa sabon zuwa wuya, sannan buƙatar sinadarin ƙarfe a jini takan ƙaru, wanda idan ya yi ƙaranci duk wahalar ta tashi a banza. Binciken da Benjamin Levine da James Stray-Gundersen suka wallafa a 1997 ya nuna cewa an fi cin moriya idan ɗan gudu ya zauna a sama amma ya riƙa sauka ƙasa don atisaye mai sauri. Flagstaff ta dace da wannan tsari, domin tafiyar da ba ta wuce sa'a guda ba a mota za ta kai mutum Sedona ko Camp Verde, inda ƙasa ta yi ƙasa sosai. In hunturu ya shigo da ƙanƙararsa, wadda ke zuba da yawa a garin, akwai rufaffen filin wasa na jami'ar.

Tudun dai yana nan tun kafin a haifi kowane koci, kuma makarantar ta daɗe tana fitar da gwanaye. Lopez Lomong, wanda aka haifa a yankin da yanzu yake Sudan ta Kudu ya kuma tashi a sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, a NAU ya ci tseren mita 1,500 na jami'o'in ƙasar a 2007, kafin ya riƙe wa Amurka tuta a bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Amma ƙungiyar ba ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa ba sai a 2016. Saboda haka duk bayanin da ya tsaya ga tudu kaɗai bai cika ba. Jami'ar Colorado da ta New Mexico da ta Brigham Young, wato BYU, su ma suna bisa tudu, kuma duk a shiyya ɗaya suke neman gurbin gasar ƙasa tare da NAU.

Canjin hannu da abin da aka gada

A 2016 kocin ƙungiyar, Eric Heins, ya sanar cewa zai ajiye aiki a ƙarshen kakar tseren ratsa daji saboda iyalinsa za su koma jihar Texas. Makarantar ta ɗauko Mike Smith daga Jami'ar Georgetown da ke Washington, inda ya yi karatu kuma yake horarwa. Smith ba baƙo ba ne a Flagstaff, domin ya taɓa zama a garin yana aiki a cibiyar horar da 'yan wasa a bisa tudu tare da Jack Daniels, masanin kimiyyar motsa jiki wanda tsarinsa na auna saurin atisaye ya yaɗu ko'ina. Abin da ya bambanta wannan canji da na sauran makarantu shi ne ba a jira wancan ya fita kafin wannan ya shigo ba. Mutanen biyu sun yi kakar 2016 tare, Heins yana jagora, Smith yana gefensa yana koyon halin kowane yaro, kuma a garin Terre Haute ƙungiyar ta ci kofinta na farko da maki 125, Futsum Zienasellassie, haifaffen Eritiriya, yana kan gaba a matsayi na huɗu.

A ganina wannan watanni na aiki tare sun fi muhimmanci fiye da yadda ake ba su. Sabon koci kan shigo da nasa tsarin, ya tarar da samari da suka saba da wani, sai a yi shekara ɗaya ko biyu ana jan igiya, wasu su ji rauni, wasu su nemi sauya makaranta. NAU ta tsallake wannan rami. Da Smith ya karɓi ragama shi kaɗai, ƙungiyar ta ci 2017 a Louisville da maki 74, Matt Baxter ɗan New Zealand ya zo na biyu, Tyler Day na uku, sannan ta sake ci a Madison a 2018 da maki 83. A 2019, cikin ruwa da laka a Terre Haute, BYU ta koci Ed Eyestone ta kayar da ita da maki 109 da 163.

Gasar 2020 annobar korona ta ɗage ta zuwa 15 ga Maris na 2021, kuma hakan ya jefa masu horarwa cikin wani zaɓi mai wuya, domin gasar ƙasa ta tseren cikin rufaffen fili an kammala ta ne kwana biyu kacal kafin nan a Fayetteville. Ɗan gudun jami'a dama kaka uku yake yi a shekara: ratsa daji daga Satumba zuwa Nuwamba, rufaffen fili daga hunturu zuwa Maris, buɗaɗɗen fili daga nan zuwa Yuni, kuma duk koci ɗaya ne ke tsara su. A wannan shekara biyu daga ciki suka faɗo mako guda. Jami'ar Oregon ta zuba manyan 'yan gudunta, Cole Hocker da Cooper Teare, a rufaffen fili ta kuma ci kofin can. Smith ya fifita ratsa daji, ƙungiyarsa ta yi maki 60 a Stillwater, mutum huɗu nata suna cikin tara na farko. Bayan wata takwas ta sake ci a Tallahassee da maki 92. A waɗannan nasarori biyu akwai suna guda da yake a gurbi na biyar: Brodey Hasty, wanda ya ƙare na 44 a watan Maris, na 39 a watan Nuwamba.

Kakar 2022

Matsalar da ta fuskanci Smith a 2022 ita ce matsalar da kowane kocin jami'a ke fuskanta, sai dai tasa ta fi nauyi saboda girman waɗanda ya rasa. Dokar NCAA ta lokacin ta ba ɗalibi kaka huɗu ya yi wasa cikin shekara biyar, ga kuma kamfanonin takalma da ke jiran duk wanda ya yi fice su ba shi kwantiragi. Luis Grijalva, wanda ke yi wa Gwatemala gudu, ya zama ƙwararre a 2021. Abdihamid Nur, haifaffen Somaliya, wanda ya ci tseren mita 3,000 da na 5,000 a rufaffen fili a watan Maris na 2022 sannan ya kafa tarihin jami'o'i a mita 5,000 da minti 13 da daƙiƙa 6.32, shi ma ya bi sahu a wannan bazara. Ba kuma yadda za a yi a sayo madadinsu a kasuwa. A lokacin, tallafin karatun da doka ta yarda makaranta ta raba wa maza a dukkan wasannin guje-guje da tsalle-tsalle da jifa bai wuce na mutum 12.6 ba, mata kuma 18, don haka koci yakan tsinka shi gida-gida, wannan ya samu rabi, wancan rubu'i, wasu kuma su zo da kuɗin iyayensu. Makarantar da ta zaɓi dogon zango dole ta haƙura da wasu fannonin.

Waɗanda suka rage su ne Nico Young, wanda ya shigo daga makarantar sakandaren Newbury Park a Kalifoniya da suna babba, da Drew Bosley daga Wisconsin, sai George Kusche ɗan Afirka ta Kudu da ya sauyo daga Jami'ar Nebraska, da Hasty, da Santiago Prosser daga Alaska wanda bai riga ya nuna komai a matakin ƙasa ba. Biyun farko ba a shakkarsu. Tambayar tana kan ukun baya.

Farkon kakar bai ba da amsa mai daɗi ba. A manyan tseren gwaji guda biyu, na Stillwater a watan Satumba da na Madison a watan Oktoba, NAU ta ƙare a bayan Stanford da BYU, kuma Stanford ce ta isa gasar ƙasa a matsayi na ɗaya a jerin da masu horarwa ke zaɓa. A irin wannan gaɓa ne koci da yawa ke kuskure. Ana kayar da ƙungiya a watan Oktoba, hankalin samari ya tashi, sai koci ya ƙara zafin atisaye don ya nuna musu cewa ƙarfinsu yana nan, a yi makonni biyu ana gudun da ya kamata a adana wa ranar gasa, a isa Nuwamba ƙafafu sun mutu ko ƙashin ƙauri ya fara tsagewa. Ɗayan kuskuren shi ne a rage aiki da wuri don a yi kyau a tseren gwaji na gaba, wanda ke sa ɗan gudu ya kai ƙololuwarsa wata guda kafin lokacin da ake buƙatarta. Manomi ba ya auna gonarsa da koren ganyen watan Yuli, da damin kaka yake aunawa, kuma tsarin gasar ya ba koci damar yin wannan haƙuri, domin abin da ake buƙata a lokacin don samun gurbi a gasar ƙasa shi ne ƙungiya ta zo ta ɗaya ko ta biyu a shiyyarta, ko ta shiga cikin 13 da ake zaɓa bisa waɗanda suka kayar a cikin kaka.

Akwai kuma dalili na biyu da ke sa sakamakon Oktoba ya yaudari mai kallo. Tseren gwaji na maza kilomita 8 ne, na shiyya da na ƙasa kuwa kilomita 10. Waɗannan kilomita biyu ba ƙaramin abu ba ne. Sukan fifita ƙungiyar da aka gina a kan juriya bisa wadda aka gina a kan sauri, kuma tsarin da aka san Smith da shi na juriya ne. An san ƙungiyarsa da yawan atisaye a daidai gaɓar da sinadarin laktet ke fara taruwa a jini fiye da yadda jiki ke iya kwashe shi, wato gudu mai nauyi amma wanda bai kai na tsere ba, har wani lokaci a yi shi sau biyu a rana ɗaya, safe da yamma, irin salon da 'yan gudu Marius Bakken da 'yan gidan Ingebrigtsen suka yi suna da shi a Norway. Hikimar ita ce a tara aiki mai yawa a mako ba tare da an kai jiki ga rugujewa ba. Wahalarsa kuma ita ce yana buƙatar ɗan shekara ashirin ya danne zuciyarsa, ya ƙi wuce abokinsa a atisaye alhali yana da ƙarfin yin hakan. Wannan ba ilimin jini ba ne, tarbiyya ce, kuma ƙungiyar da kowa ke neman gurbi cikin mutum bakwai ba ta samun ta cikin sauƙi, tun da atisaye kan rikiɗe ya zama gwajin zaɓe idan koci bai tsare ba.

Ga wani abin da ba ya fitowa a jadawalin atisaye. Doka ta taƙaita lokacin da koci zai tilasta wa ɗalibai harkar wasa zuwa sa'a 20 a mako, a hutun bazara kuma, lokacin da ake aza harsashin kaka da gudun kilomita ɗari da ɗoriya kowane mako, ikonsa a kansu kaɗan ne. Barci da abinci da karatun jarrabawa duk suna faruwa ne a bayan idonsa. Saboda haka abin da zai iya yi shi ne ya samar da gida inda manya ke nuna wa ƙanana hanya. A Flagstaff hakan ya samu ƙarin ƙarfi domin Grijalva da Nur ba su bar garin ba bayan sun zama ƙwararru, sun ci gaba da atisaye ƙarƙashin Smith, ta yadda ɗalibin shekarar farko yake ganin mutumin da ya zo na huɗu a tseren mita 5,000 na gasar duniya ta 2022, wato Grijalva, yana bin hanyoyin ƙasar da shi ma yake bi.

Lissafin ranar

Filin Stillwater ciyawa ne mai hawa da ganga, kuma tuddansa sun fi cizo a kashi na ƙarshe. Gida ne ga ƙungiyar Oklahoma, wadda kocinta, Dave Smith, ya riga ya ci kofin a 2009 da 2010 da 2012. Sunan mahaifi ɗaya suke da abokin karawarsa, amma ba su da dangantaka. Da sanyin safiya aka tashi, Young da Bosley suka ja tseren da zafi tun da wuri, abin da ya tsinka taron ya hana a taru a jira gudun ƙarshe. Charles Hicks na Stanford ya manne musu ya kuma ci tseren, Young ya zo na biyu da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, Bosley na uku. Nasarar Hicks ba ta ceci Stanford ba, wadda ta ƙare ta huɗu a bayan BYU, kuma wannan kaɗai ya isa misali na yadda tauraro ɗaya ba ya ɗaukar ƙungiya.

Makin NAU ya kasance 2 da 3 da 18 da 24 da 36, daga Young da Bosley da Prosser da Hasty da Kusche. Na Oklahoma kuwa 5 da 8 da 11 da 29 da 30, daga Alex Maier da Isai Rodriguez da Fouad Messaoudi da Victor Shitsama da Rory Leonard. Duk mutum goman suna cikin 40 na farko, waɗanda ake karramawa a matsayin zaɓaɓɓun ƙasa.

Idan aka tsaya a kan waɗannan lambobi za a ga abin mamaki. Taurarin NAU biyu sun kawo maki 5, na Oklahoma sun kawo 13, wato ratar maki takwas. Ukun baya na NAU sun kawo 78, na Oklahoma 70, wato ratar maki takwas ta ɗaya ɓangaren. Duk abin da Young da Bosley suka tara a gaba an cinye shi a baya, ƙwandala ba ta rage ba. Ma'ana, idan ana maganar dunƙulewar ƙungiya, Oklahoma ta fi, domin tsakanin na farkonta da na biyar maki 25 ne, NAU kuwa 34. Wanda zai ce NAU ta ci ne saboda zurfin ƙungiyarta bai duba takardar da kyau ba. Abin da ukun bayanta suka yi shi ne sun riƙe asarar a daidai maki takwas, ba tara ba. Da mutum ɗaya daga cikinsu ya bari wani ɗan gudun wata ƙungiya ya wuce shi a mita hamsin na ƙarshe, da kofin ya kwana a Stillwater.

Ƙa'idar raba gardama ta NCAA tana jera mutum biyar na wannan ƙungiya da biyar na waccan, na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu, har zuwa na biyar, wadda ta rinjaya a gurabe uku ita ce ta ci. Young ya doke Maier, Bosley ya doke Rodriguez. Messaoudi ya doke Prosser, Leonard ya doke Kusche. Biyu da biyu ke nan, sai hukunci ya rataya a gurbi na huɗu, inda Hasty da makinsa 24 ya sha gaban Shitsama mai 29. Mutumin da ya yi gasa biyu yana rufe wa ƙungiyar baya, wanda ba a cika ambatonsa a tsakiyar kaka ba, shi ne ya hau daga na 44 zuwa na 39 zuwa na 25 a gasar ƙasa uku a jere. Irin wannan hawa sannu a hankali ba daga baiwa kaɗai yake zuwa ba. Yana nufin an yi shekaru ana ba ɗan gudu gurbi da kulawa alhali akwai sababbin yara masu ƙarin suna da ke shigowa kowace shekara, an kuma koya masa yadda zai ƙi ruɗewa da zafin kilomita biyun farko ya riƙa tsintar waɗanda suka gaji ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa Prosser, wanda ya sha kaye a nasa gurbin, matsayinsa na 19 shi ne babban abin da ba a yi tsammani ba a ranar, kuma ba don shi ba da ba a kai ga maganar raba gardama ba.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A makarantun sakandaren Amurka, idan aka yi kunnen doki, mutum na shida ake dubawa, kuma da wannan ƙa'ida aka bi da Oklahoma ce ta ɗauki kofin, domin na shidanta ya riga na shidan NAU isowa. Ina ganin ƙa'idar mutum na shida ta fi dacewa da ruhin wasan, tun da ana kiransa wasan ƙungiya, kuma ita ce ke saka wa kocin da ya gina mutum bakwai maimakon biyar. Ƙa'idar jera gurabe kuwa tana ba ƙungiya mai taurari biyu ƙuri'a biyu tun kafin a fara ƙirga. Amma dukkan masu horarwar sun san ƙa'idar kafin a harba bindiga, kuma babu wanda zai iya cewa an yi masa ba-zata. Abin da za a iya cewa shi ne Dave Smith bai yi aikin da ya gaza na takwaransa ba a wannan kaka, kuma duk wanda ya ɗauki sakamakon a matsayin hujjar cewa tsarin Flagstaff ya fi na Stillwater ya ɗora wa maki 83 nauyin da ba za su iya ɗauka ba.

Shekarar da ta biyo baya ta nuna hakan. A Nuwamban 2023, a jihar Virginia, NAU ta yi maki 71, wanda ya fi na 2022 kyau kuma da zai isa a ci kofin a shekaru da dama, amma Oklahoma, wadda ta ƙara ƙarfi da sababbin 'yan Kenya biyu, Denis Kipngetich da Brian Musau, ta yi maki 49 ta ɗauke shi. A rana ɗaya matan NAU, waɗanda su ma Mike Smith ke jagoranta, suka rasa kofi a hannun Jami'ar Jihar North Carolina da maki ɗaya tak, 123 da 124. A fagen tseren fili kuwa 'yan wannan ƙungiya sun ci gaba da hawa. Bosley ya kafa tarihin jami'o'i a mita 3,000 na rufaffen fili a Janairun 2023, Young kuma a farkon 2024 ya zama ɗalibin jami'a na farko da ya yi mita 5,000 ƙasa da minti 13, sannan ya yi mita 10,000 cikin minti 26 da daƙiƙa 52.72, ya kuma samu gurbi a tawagar Amurka ta Olamfik ta Faris.

Mike Smith ya bar aikin jami'a bayan kakar 2024 zuwa 2025 don ya koma horar da ƙwararrun kamfanin Nike a nan Flagstaff ɗin, kuma makarantar ta maimaita abin da ta yi a 2016: an sanar da tafiyarsa tun kusan shekara guda kafin lokaci, aka kuma miƙa ragama ga Jarred Cornfield, wanda ya daɗe yana mataimaki a ƙungiyar. Sai dai Cornfield ya karɓi aikin ne a ƙarƙashin dokoki dabam. Sulhun da aka yi tsakanin NCAA da 'yan wasan da suka kai ta ƙara, wanda kotu ta amince da shi a watan Yunin 2025, wanda ya buɗe wa jami'o'i ƙofar biyan 'yan wasa kai tsaye, ya soke iyakar tallafin karatu ta 12.6 ga makarantun da suka shiga tsarin, ya maye gurbinta da iyakar yawan 'yan wasa, mutum 17 a tseren ratsa daji da 45 a guje-guje da tsalle-tsalle. Makaranta mai kuɗi yanzu tana iya ɗaukar nauyin karatun kowa a cikin waɗannan, yayin da gurbin da a da ake ajiye wa yaron da zai ɗauki shekara uku ko huɗu kafin ya fara kawo maki ya zama abin da koci zai yi lissafi sosai kafin ya bayar.